Kafin a Kashe Kuɗi Kan Sabbin Oba-Oba: Jagora ga Garuruwan Karkarar Katsina

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Jibia, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Watanni aka kwashe a haka. Ciwo ya tashi cikin dare, ba hanyar kiran mota. An ga baƙin babura a bayan gari, ba hanyar gaya wa ƙauyen gaba. Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kyauta ce, amma inda babu sabis ko na kamfani ɗaya ita ma ba ta fita. Ko yanzu da layukan suka dawo, akwai garuruwan da turken sabis ɗinsu ke mutuwa da zarar man janareta ya ƙare, akwai kuma inda sai an hau tudu ake samun magana.

Shi ya sa oba-oba ta sake samun kasuwa wajen 'yan sintiri, ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin ci gaban gari. Matsalar ita ce duk kwamitin da ya zauna kan sabunta ta, daga kan ta hannu yake farawa: wane kamfani, nawa guda, guda nawa za a saya. Alhali ita ya kamata ta zo ƙarshe. Abubuwa uku ke kai magana inda ake so: tsawon eriya, wutar da ba ta ɗaukewa, da mutumin da ke zaune yana saurare da ƙarfe biyun dare. A kan wannan jerin na tsara matakan.

Mataki na farko: wa zai kira, wa zai amsa

A zauna da takarda tun kafin a nemi ɗan kasuwa. A zaman a samu dagaci da masu unguwanni, shugaban 'yan sintiri, mai kula da ƙaramin asibiti, direban motar asibiti in akwai, da wakilin DPO. Tun Oktoban 2023 jihar na da rundunar Community Watch Corps wadda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar, don haka duk inda jami'anta suke, da su za a zauna. A jera abubuwan da kan taso: hari, naƙudar da ta zo da gardama, gobara, haɗarin mota, ambaliya irin wadda ta auka wa Jibia cikin dare a Yulin 2018. Gaban kowanne a rubuta wanda zai fara gani, wanda za a kira, da wanda ke da halin tashi ya yi wani abu.

Wannan na ukun shi ke tona asiri. In babu mota, ko akwai motar babu mai, ko akwai man amma makulli na gidan wani a cikin Katsina, to abin da rediyo za ta ƙara kawai shi ne a ji mugun labari da wuri. Saboda haka a ware ɗaki ɗaya a matsayin cibiya, a harabar asibiti ko kusa da ofishin 'yan sanda, a sa rediyon tebur, littafin rubuta kira, da mutum biyu ko uku masu karɓa-karɓa. In wurin na da sabis, cibiyar ce za ta riƙa miƙa kira ga 112 da jami'an tsaro. Alawus ɗin waɗannan mutane shi ne abu na farko a kasafi, ba na ƙarshe ba.

Mataki na biyu: a buɗe kwalin tsofaffin

Da wuya a rasa tsofaffin oba-oba a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a hannun 'yan sintiri, an tara su a kwali an ce sun mutu. A fito da su ɗaya bayan ɗaya. A zare batir a kwantar da shi a kan tebur: in yana lilo, cikinsa ya kumbura, ya gama aiki. A dubi ƙarafan da ke bayansa. In sun yi kore, a goge da ɗan tsumma da sifirit. A lanƙwasa robar eriya a hankali a ga ko ta tsage. Sannan a ɗauko batir ɗaya mai lafiya da eriya ɗaya mai lafiya, a gwada kowace rediyo da su. Da yawa za su tashi, don batir da eriya da caja su suka fi mutuwa, ba rediyon kanta ba.

In akwai tsohuwar eriya a kan rufi ko turke, a sa wanda ya iya hawa ya kwance mahaɗin kebul ɗin. Sau da yawa yana warware salatif ɗin ruwa zai ɗigo, a tarar da ragar jan ƙarfen da ke ciki ta yi baƙi. Kebul ɗin da ya sha ruwa ba ya gyaruwa, sai canji. Mai gyara na ƙwarai yana yawo da ɗan ma'aunin SWR, mai nuna lafiyar eriya da kebul ɗinta. In ya nuna 1.5 ko ƙasa, lafiya lau, in ya haura 2 akwai abin dubawa. Wanda ya zo duba muku eriya ba shi da wannan ma'auni, ku nemi wani.

Mataki na uku: tsawo

Nan ne ya kamata a daɗe. Oba-oba ta hannu wat 4 ko 5 take fitarwa, kuma maganarta kusan a miƙe take tafiya. Duniya kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ga tudu, ga gini, ga itatuwa. Mutum biyu a tsaye a ƙasa, abin da suka saba samu kilomita 2 zuwa 5 ne, ko da an rubuta kilomita 50 a jikin kwali. Ƙara ƙarfin wat ba ya huda tudu.

Maganin shi ne rifita. Aikinta irin na mai jiyarwa ne a filin Idi: ta ji abin da aka faɗa, ta maimaita nan take daga sama don sahun baya su ji. Tana karɓa a zango ɗaya ta mayar a wani, shi ya sa take buƙatar wani akwati da ake kira duplexer, wanda ke ba ta damar yin duka biyun da eriya ɗaya.

Ga lissafin da kowa zai iya yi. A nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon eriya a mita, sai a ninka ta sau 4, a samu kilomita. Eriya mai mita 9 ta ba da 3, wato kilomita 12. Mai mita 25 ta ba da 5, kilomita 20. Mai mita 36, kilomita 24. A kan dutse mai mita 100, kilomita 40. A ƙara kilomita 5 na mutumin da ke tsaye riƙe da tasa. Wannan iyakar abin da zai yiwu ke nan a fili fetal. Wajen tsara aiki gara a zubar da kashi ɗaya cikin uku. A kuma lura, sai an ninka tsawo sau huɗu nisa ke ninkuwa sau biyu. Daga mita 9 zuwa 25 riba ce babba, daga 25 zuwa 36 kuwa kuɗin ƙarfe ya fi abin da aka samu, sai fa in waɗannan 'yan kilomitoci ne za su shigo da wani gari.

Ƙasar ba ɗaya ba ce. Yankin Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Ɓaure shimfiɗe yake, rifita ɗaya a kan tsawo mai kyau na iya ɗaukar gunduma guda. Wajen Batsari, Safana, Dutsin-Ma da Ƙanƙara kuwa duwatsu na yin inuwa: ƙauye mai kilomita 6 a bayan dutse zai iya rasa magana, mai kilomita 20 a fili yana ji raɗau. Kafin a hau ko'ina, a ja layi a Google Earth tsakanin wurin da ake son kafa rifita da kowane ƙauye, zai nuna hawa da gangaren da ke tsakani. Akwai kuma manhajar Radio Mobile, kyauta ce, masu wannan aiki sun san ta.

Amma taswira ba ta isa ba. A ari rifita ko rediyon tebur, a ɗaure eriya ta wucin gadi a wurin da aka zaɓa, a tura mutum a babur ya bi ƙauyukan yana kira. Kada ya tsaya a dandali kaɗai: ya shiga cikin ɗakin ƙaramin asibiti, ya gangara fadama, ya sauka gulbi inda ake tsallakawa, ya shiga zauren dagaci. A kowane wuri a rubuta ko ana ji sosai, ko da ƙyar, ko shiru. In da hali a yi gwajin a watan Agusta ko Satumba, lokacin da dawa ta fi mutum tsawo, itatuwa kuma sun rufe. Abin da aka ji a watan Maris da fili ke tsirara ba lallai a ji shi da damina ba, kuma da damina aka fi buƙata.

Ina za a ɗora eriyar? A fara duba abin da ke tsaye: hasumiyar masallacin Juma'a, ƙarfen tankin ruwa, tsohon turke a sakatariya. Turakun sabis sun fi komai tsawo, amma yawancinsu na kamfanoni ne irin su IHS da ATC, sai da yarjejeniya da kuɗin haya. Kan dutse ya fi ba da nisa, kuma shi ne wurin da ɗan kwangila zai fi nuna muku. Ni dai in aka tambaye ni, mita 30 a cikin harabar da ke da mai gadi ta fi mita 100 a kan dutsen da ba kowa. Farantin sola da batir a daji ba sa shekara.

Sai kebul, wanda a nan ake yawan cutar mutane ba su sani ba. Siririn nan RG-58, in ya kai mita 30, yana cinye fiye da rabin ƙarfin rifita kafin ya isa eriya, haka kuma yake cinye maganar da ke shigowa. Mai kauri irin LMR-400 ƙasa da kashi ɗaya cikin uku yake ci a wannan tsawo a zangon VHF. A rubuta sunan kebul a takardar kwangila, a kuma karanta rubutun jikinsa ranar da aka kawo.

Mataki na huɗu: wace iri

VHF, wato megahaz 136 zuwa 174, ta fi dacewa da fili da gonaki da daji. UHF, 400 zuwa 470, ta fi shiga gine-gine, ta cikin birnin Katsina ko Funtuwa ce. Ga karkara VHF, sai dai in waɗanda za ku riƙa magana da su suna kan UHF, don su biyun ba sa jin juna.

Babbar gardamar ita ce tsakanin tsohon tsari, analog, da na dijital da ake kira DMR. Analog na da araha, amma duk mai oba-oba mai araha irin Baofeng ta dala 25 zai iya laluben zangonku ya zauna yana ji. 'Yar lambar nan ta CTCSS da wasu 'yan kasuwa ke cewa sirri ce, ba ta ɓoye komai. Hana ku jin hayaniyar wasu kawai take yi, ba ta hana wasu jin ku. A yankin da ake fama da infoma wannan ba ƙaramar magana ba ce.

DMR tsari ne da hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 2005, Motorola, Hytera, Kenwood da wasu duk suna ƙera shi. Yana raba zango ɗaya gida biyu, ta yadda da rifita ɗaya 'yan tsaro za su yi tasu maganar, asibiti su yi tasu, a lokaci guda. Kowace rediyo na da lambarta da ke bayyana a cibiya, ana iya kulle magana da mabuɗin sirri, ana iya kashe wadda ta ɓata daga nesa, batir ma ya fi daɗewa. Aibinsa biyu. Na ɗaya, a bakin iyakar nisa analog kan yi shuu amma a tsinci kalma, dijital kuwa ko a ji tar ko a ji ɗif. Na biyu, sirrin hawa-hawa ne: mafi ƙasa ba shi da wani ƙarfi, mai ƙarfin, AES-256, sau da yawa sai an biya kuɗinsa daban, kuma sirrin wani kamfani ba lallai ya buɗe a rediyon wani ba. A tambaya, a kuma sa a rubuta.

Hanyar da ta fi sauƙi ga aljihu ita ce a sayi rifita mai ɗaukar tsarin biyu. Tsofaffin da aka farfaɗo a mataki na biyu su ci gaba da aiki a analog wajen lafiya da gobara da ambaliya, 'yan dijital kaɗan a ba waɗanda maganarsu ke buƙatar sirri, sauran a riƙa canzawa duk shekara gwargwadon hali.

A yi hattara da wata irin oba-oba da ta cika kasuwa, mai kyan gani, wadda ake cewa daga Daura za ka yi magana da Legas. Gaskiya ne, amma a buɗe bayanta, layin waya ne a ciki. Da data take tafiya. Ranar da sabis ya ɗauke ta zama abin wasan yara, kuma don wannan ranar ake duk wannan ɗawainiya. Wasu tsare-tsaren dijital, TETRA da P25, kuwa na manyan hukumomi ne, a wuce su. Rediyon HF irin Codan na kai ɗaruruwan kilomitoci ba rifita, amma kowace ɗaya dubban daloli ce, tana kuma son wanda ya koya. Amfaninta haɗa hedikwatar ƙaramar hukuma da Katsina, ba ƙauye da ƙauye ba. Wayar Thuraya ɗaya, mai aiki da tauraron ɗan'adam, a cibiya, don ranar da komai ya tsaya, ta fi sauƙi. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, zai iya haɗa rifita biyu masu nisa, sai dai ga kuɗin wata, kuma babbar tasa tana jan wat 50 zuwa 100 dare da rana, fiye da abin da rifitar kanta ke ci.

Mataki na biyar: lasisi

Zango ba na kowa ba ne. Dokar Wireless Telegraphy Act ta hana kafa na'urar sadarwa ta iska ba lasisi, dokar sadarwa ta 2003 kuma ta raba aikin: NCC na kula da masu kasuwanci da tantance na'urori, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya na ba waɗanda ba kasuwanci suke yi ba. A nema da sunan ƙaramar hukuma ko ƙungiya mai rajista, ba da sunan mutum ba, kuma a nema kafin a sayi duplexer, don a kan zangon da aka ba ku ake saita shi. Garuruwan bakin iyaka irin Jibia, Kaita da Mai'adua su tuna maganarsu na tsallakawa Nijar, wani dalili ke nan na kada a zaɓi zango da ka. Bayan takarda, a kai wa DPO jerin lambobin rediyon da sunayen masu riƙe da su, a yi wa kowa katin shaida. Saurayin da aka tare a shinge da oba-oba a aljihu ba takarda, kafin ya gama bayani ya sha wuya.

Mataki na shida: wuta da tsawa

Kada a sa wutar NEPA a lissafi. Rifita mai wat 40 zuwa 50 na jan kimanin amfiya 1 in tana jira, kimanin 10 in tana magana. A ce jimillar maganar yini awa biyu ce: a ninka amfiya da awoyi, 22 na jira, 20 na magana, 42Ah ke nan a rana, wato wajen 500Wh a kan 12V. A tanadi na kwana uku ba rana, saboda hadarin Agusta da hazon hunturu, ya zama wajen 130Ah. Batir mai ruwa ko jel rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, don haka sai an haɗa guda biyu masu 150Ah ko 200Ah. Na litiyam irin LiFePO4 guda ɗaya mai 200Ah ya isa. Ya fi tsada ranar saye, amma a tuna batir mai dalma rabin kwanansa ke tafiya duk lokacin da zafi ya ƙaru da kimanin digiri 10 a kan 25, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. A ɗakin kwano da ba taga, ba sai an faɗa ba. A sa silin, a buɗe iska ta sama da ta ƙasa, a sa raga saboda ƙura da ƙadangaru.

Farantin sola mai wat 300 zuwa 400 ya wadatar. A haɗa rifita kai tsaye da batir ba tare da inbata ba, don inbata na cin nata kason, ga shi ita ce ta farkon lalacewa. Da hunturu a riƙa share farantin duk mako. Sannan a kulle akwatin batir. Ba mugunta ba ce, amma duk inda aka ga wuta a ƙauye sai an jona waya, daga ta mai gadi sai ta maƙwabcinsa, ranar da ake buƙatar rifita a tarar batir ya yi ƙasa. Dabarar da ta fi faɗa ita ce a saya wa mai gadi ɗan farantinsa daban. Haka kowane ƙauye na son ƙaramin faranti mai wat 50 da cajar 12V, don kada a riƙa kai oba-oba rumfar mai cajin waya a bar ta nan yini guda.

Dogon ƙarfe a fili kiran aradu ne, musamman a hadarin farkon damina. Ana buƙatar sandar tsawa a ƙololuwa sama da eriya, abin tare tsawa a kan kebul daidai inda zai shiga ɗaki, da sandunan jan ƙarfe da aka binne aka haɗa su da waya mai kauri. A busasshen yashi irin na Daura sanda ɗaya ba ta wadatarwa. A binne uku ko huɗu a warwatse, a nemi wuri mai laima. Wannan shi ne abin da aka fi yankewa in kuɗi sun gaza, don ba a ganinsa, kuma rashinsa ne ke ƙone rifita a dare ɗaya.

Mataki na bakwai: kuɗi

Kayan nan duk daga waje suke zuwa. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Don haka a yi lissafi da dala, a juya zuwa naira ranar biya, kuma kada a riƙe takardar farashi fiye da mako biyu.

A ɗauki gunduma mai ƙauyuka goma sha biyu da ke son oba-oba 30, rifita ɗaya da rediyon tebur biyu. A ƙiyasce: ta hannu ta dijital daga sanannen kamfani dala 200 zuwa 400, a ce 250, jimilla 7,500. Rifita da duplexer 2,000 zuwa 4,000. Eriya, kebul da kariyar tsawa 600 zuwa 1,000. Sola da batir 800 zuwa 1,500. Rediyon tebur biyu da eriyoyinsu 1,200 zuwa 1,800. An tashi tsakanin dala 12,000 da 16,000, ban da turke, lasisi da ladan aiki. Kusan rabin kuɗin na hannun ne suka cinye. In aka sayi takwas kacal aka cike da tsofaffi, lissafin ya sauko zuwa tsakanin 6,500 da 10,500, kuma nisan da magana ke kaiwa bai ragu da taku ɗaya ba.

To Baofeng fa? Talatin ɗinta ba su kai dala 1,000 ba, kuma ba zan ce kada a taɓa ta ba. A hannun mai unguwa, don gobara da rashin lafiya, ta fi babu. Sai dai araha ba ta ado. Ba ta son ruwa, ba ta jure faɗuwa daga babur, kunnenta kan toshe kusa da babban turke, kuma kowa na iya latsa lambobinta ya sauya zango. Ga 'yan sintiri a nemi mai alamar jure ƙura da ruwa, IP54 ko sama, IP67 in da hali.

Kuɗin da ke kashe irin wannan aiki ba na saye ba ne, na riƙo ne. Batirin ta hannu shekara biyu yake yi, wani lokaci bai kai ba, kuma na asali dala 30 zuwa 60 ne. Ga guda 30, wajen dala 600 ke nan duk shekara. Ga alawus ɗin cibiya, sabunta lasisi, eriyoyin da ke karyewa, kuɗin motar mai gyara daga Katsina ko Kano. Shawarata a ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kuɗin kayan duk shekara, a asusu mai sa hannun mutum uku. Ɗan siyasa zai iya sayen rifita a yi bikin buɗewa, amma ba zai dawo sayen batir ba. Karo-karon kaka, lokacin da hatsi ke hannu, ya fi tabbas.

Mataki na takwas: saye da karɓar aiki

A nemi farashi daga wuri uku, kowa ya rubuta sunan kamfani, lambar samfuri da tsawon garanti. Jabun Motorola na yawo, don haka a gwada lambar jikin rediyo da ta kwali da wadda ke fitowa a kwamfuta in an jona. A biya kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe sai an karɓi aiki.

Ranar karɓa, ɗan kwangila zai tsaya a ƙofar fada ya latsa, yaronsa ya amsa daga gindin turke, ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama, ga ta tana magana." Amsar da ta dace daga hakimi ita ce, "Madalla, Injiniya, sannu da ƙoƙari. To a kai ka ƙauyen bayan gulbi a babur, in ji muryarka daga can." A bi takardar gwajin mataki na uku wuri bayan wuri. A cire sola a bar rifita kan batir kwana biyu a gani. Sannan a karɓi abubuwa huɗu hannu da hannu: kebul ɗin saita rediyo, manhajarsa, fayil ɗin saitin, da kalmar sirri. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe ku, ko layi ɗaya kuke son ƙarawa sai kun biya shi. A sa a cikin kwangila cewa zai koya wa matasa biyu na garin, waɗanda suka saba da gyaran waya ko haɗa sola.

Mataki na tara: ƙa'idar aiki

A latsa, a ɗan dakata daƙiƙa ɗaya don rifita ta buɗe, sannan a yi magana, eriya a tsaye ba a kwance ba. Ba a kiran sunan mutum ko na gari, kowane wuri da laƙabinsa:

"Cibiya, Cibiya, Rijiya Biyu ke kira, oba."
"Rijiya Biyu, Cibiya na ji, oba."
"Mace ce mai naƙuda, jini ya ɓalle, a turo mota bakin makaranta, oba."

Gajere, kuma a faɗi abin da ake buƙata. Gaisuwa da tambayar farashin masara a kasuwar Mai'adua a bar wa waya. Cibiya ta kira kowane ƙauye sau biyu a rana, bayan Asuba da bayan Isha'i, ta rubuta wanda ya amsa. Wannan kiran ne ke nuna batirin da ya mutu tun kafin ranar buƙata, kuma ƙauyen da bai amsa ba sau biyu a jere a tura a duba. A analog a ɗauka cewa ana jin ku: ba a faɗin yawan mutane, ko hanyar da za a bi, ko lokacin tashi.

In rediyo ta ɓata ko aka ƙwace ta, a sanar da cibiya a take, ba tare da tsoron za a ci mutum tara ba, don tsoron tara ne ke sa a ɓoye har kwana uku. In ta dijital ce, cibiya ta kashe ta daga nesa, a sanar da DPO lambarta, a sauya mabuɗin sirrin sauran cikin kwana ɗaya ko biyu. In analog ce galibi babu kashewa. Kowa ya koma layin ajiya da aka riga aka saita aka kuma sanar baki da baki, sannan a tattaro rediyon duka, ƙauye bayan ƙauye, matasan nan biyu su sake musu saiti.